Fari da baƙi a Amurka, asali a Damagaram: tsari ɗaya ne ko daban?

Mushe_Lise:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da maganar da nake so mu duba da hankali. Duk lokacin da aka kashe baƙar fata a Amurka, kamar George Floyd da ɗan sanda ya danne wa wuya ranar 25 ga Mayu 2020, mukan yi Allah wadai da wariyar launin fata, mu wuce. Ni a ganina abin ya fi ƙiyayya zurfi. Tsari ne na hawa-hawa suka gina: inda aka haife ka nan za ka zauna, nan ƴaƴanka za su tashi, kuma doka ce ta yi gadinsa ɗaruruwan shekaru. A 1662 Birjiniya ta yi doka cewa ɗa uwarsa yake bi, in baiwa ce shi ma bawa ne, ko da ubangijinta ne ya yi cikin. An soke bauta a 1865, amma sai 1967 kotun ƙoli ta rushe dokokin hana aure tsakanin fari da baƙi, kuma a lokacin jihohi 16 na riƙe da su. Ban ga bambancin wannan da na Indiya ba, inda ake haifar mutum a gidan da aka ce ko taɓa su ƙazanta ne. Tambayata biyu. Kun yarda tsari ɗaya ne? Kuma binciken asali da muke yi nan Damagaram kafin a ba da aure, ɗan'uwansu ne ko babu abin da ya haɗa su?

Ɗan_Birni74:
Wa alaikumus salam Mushe. Na Amurka da Indiya na yarda. Amma don Allah kar ka jawo mu ciki. Mu Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa, kwano ɗaya muke ci. Ina ka taɓa ganin famfon ɗiya daban, na bawa daban a Zinder?

Hajiya_GarinMalam:
Ɗan Birni, ɗana, famfo ɗaya ne, gaskiyarka. Amma ni cikin kai kayan aure da karɓarsu na tsufa, abin da idona ya gani nake faɗa. Akwai yarinya maƙwabciyarmu, yaron da ke nemanta ma'aikacin likita ne, mai sallah, mai kunya. An kai goro, an sa rana. Sai wata gwaggon yarinyar ta taso daga ƙauye ta ce a dakata, wai kakar kakan yaron sayo ta aka yi. Ba wanda ya ce ta kawo shaida. Da dare aka mayar musu da kayansu. Uban yarinyar da bakinsa ya ce mini bai ga aibin yaron ba, bakin dangi ne ba zai iya da shi ba. Yaron ya nemi canjin wurin aiki ya koma Maraɗi. Ita kuma aka ba ta wani ɗan dangi, auren bai shekara ba. Har yau in ta gaishe ni sai zuciyata ta sosu.

Majemi_Zango:
Inna Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni ɗan majema ne, ubana da kakana a jima suka tsufa. Mu ba a ma taɓa cewa bayi ne ba, sana'a ce kawai. A lakwal yara ba su son zama benci ɗaya da ni, wai ina wari, alhali da sabulu na yi wanka kamar kowa. Fatar da kakanninmu suka gyara ita ayari ke ɗauka har Tarabulus, sunan garin nan da ita ya tafi. Yau ina da shago, ana kirana Alhaji, ana karɓar bashi wurina. Amma ranar da na nema wa ƙanena ƴar wani abokin cinikina, sai ya shiga kame-kame, wai an riga an yi mata miji. Bayan shekara biyu tana gida. Mahauta da maƙera da wanzamai da maroƙa duk sun san irin wannan amsar. In an haifa maka ɗa wanzami za ka kira, in ka yi layya mahauci, amma ƴarka a'a.

Ɗan_Birni74:
Alhaji, wannan zaɓi ne. Kowane uba na da ikon ya ba wanda ya so. Ba doka ce ta hana ba, ba jandarma ya zo ba.

Ɗalibin_Tarihi:
Ina so in raba abubuwan, don Mushe ya haɗa su da yawa. Dokar Birjiniya ta 1662 da ya kawo, ita ce ma ke nuna bambancin. A shari'ar da sarakunanmu suka bi, ɗan da ubangiji ya haifa da ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta, uwar kuma ba a sayar da ita, tana ƴantuwa in ubangijin ya rasu. Sarakuna da dama a ƙasar Hausa da Barno ƴaƴan ƙwaraƙwarai ne. A Amurka akasin haka aka yi: bature ya haifi ɗa da baiwarsa ya sayar da shi, daga baya ma suka ce ɗigon jinin baƙi ɗaya ya isa a lissafa mutum cikin baƙaƙe. Can ƙofa aka toshe da gangan. Nan akwai murgu, wato bawa ya yi wa kansa aiki yana biyan ubangijinsa wani kaso, akwai fansa, kuma bayin sarki sun riƙe muƙamai da sojoji da baitulmali, talaka ɗiya na durƙusa musu. A garin nan, lokacin da Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906 suka kai shi Kodebuwa, Ballama suka ba riƙon gari, bawan fada ne, sai 1923 sarauta ta koma gidanta. Ba ina wanke bauta ba ne. Ina cewa tsarin da mutum zai iya fita cikinsa ba ɗaya yake da wanda aka ɗaure da launin fata ba.

Bintu_Jamia:
Yaya Ɗalibin Tarihi, bayin fada nawa ne cikin bayin Damagaram? Ka ba mu labarin ƴan tsirarun da suka sa alkyabba, ka bar dubban da aka kamo a hari aka zuba a gonaki, da waɗanda aka kora a ƙasa ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus. Ganuwa da igwa na zamanin Sarki Tanimun ba da iska aka yi su ba. Ballama kuma ba jama'a suka ɗaga shi ba, nasara ne ya ɗora shi don ya karya gidan sarauta. Sannan hanyar fitar da ka kawo ta ƙwarƙwara, ka tambayi macen ko ta zaɓa? Wannan ƙofar ce har yanzu ake shiga da ita a yi wahaya wajen Tawa da Ƙwanni, a sayo yarinya a ce ta biyar ce, ba sadaki, ba kwana, sai aiki. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jika 240. Sai da ta kai ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Wannan a zamaninmu ne, muna raye.

Ɗalibin_Tarihi:
Ƙanwata, ban musa ko ɗaya ba. Amma kin ga Hadijatou da wanda ya saye ta ba launi ne ya raba su ba. Shi ne abin da nake faɗa wa Mushe.

Mushe_Lise:
Shi ya sa na kawo Indiya. Can ma ba kullum launi ke rabawa ba, haihuwa ce. Launi alama ce kawai da Amurka ta zaɓa don ba a iya ɓoye ta. Abubuwan da nake dubawa uku ne: ana gadonsa, yana hana aure, yana ɗaure mutum da wani aiki. Ku auna namu da su.

Direba_Girinsboro:
Salam ƴan gida. Ni ina jihar Karolina ta Arewa, garin da ƴan Nijar suke da yawa, ina tuƙin babbar mota. A garin nan ne ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a wurin cin abinci na wani kanti da aka keɓe wa turawa, suka ƙi tashi, abin ya bazu ko'ina a kudu. Yanzu wurin gidan tarihi ne.

Abin da na fahimta da zama nan shi ne, dokar ta tafi amma ta bar gado, kuma gadon a gida da fili yake. A shekarun 1930 gwamnati ta zana taswirar birane, ta shafa ja a unguwannin baƙaƙe, banki ba ya ba da bashin sayen gida a nan. Sai 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje. To nan ƙasar gida shi ne dukiya. Wanda kakansa ya samu bashi ya sayi gida a 1950 ya bar wa ƴaƴa, suka yi karatu da shi. Wanda aka hana ya bar musu haya. Binciken babban bankinsu na 2022 ya nuna matsakaicin gidan bature na da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata dala 44,900. Makaranta ma da harajin gidajen unguwa ake riƙe kaso mai yawa nata, don haka unguwar talaka makarantar talaka take samu. Obama ya yi shugabanci shekara takwas, wannan lissafin bai gushe ba.

Akwai kuma abin da ke ba ni kunya. Mu baƙin da muka zo daga Afirka, wasunmu na raina baƙaƙen nan, suna cewa ba su son aiki, suna hana ƴaƴansu hulɗa da su. Mun zo mun tarar da hanyar da kakanninsu suka buɗe da jininsu, mun shiga, sannan muna neman mu hau kansu. Ko wata bai cika ba mutum ya gane wa ke sama wa ke ƙasa, sai ya fara neman wanda zai fi.

Ɗan_Kance:
Ku da kuke gardamar ɗiya da bawa, ku hau mota ku je Tamanraset. Can ba mai tambayar kakanka. Na yi aikin gini a Aljeriya tare da wani jikan sarauta daga wajen Magarya, ɗaki ɗaya muke kwana, rana ɗaya aka kwashe mu, mota ɗaya aka zuba mu, aka sauke mu cikin rairayi muka taka kilomita 15 zuwa Asamaka, garin Nijar na kan iyaka. Yara na jifanmu a hanya, mai shago ba ya son hannunsa ya taɓa namu wajen ba da canji. Ba duka ba, akwai wani tsoho da ya riƙa ba mu ruwa da burodi, Allah Ya saka masa. Amma abin da na gani, in fatarka baƙa ce an riga an san aikinka kafin ka buɗe baki: ɗaukar siminti, haƙar rami, bara. Mutanenmu 92 da suka mutu da ƙishirwa a hamada a watan Oktoba 2013, yawancinsu mata da yara ne daga yankinmu. A Libiya kuma kowa ya ga bidiyon 2017 ana gwanjon mutane.

Hajiya_GarinMalam:
Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta. Ɗana, jikan sarautar da kuka sha wuya tare, da kuka dawo gida yana zuwa wurinka?

Ɗan_Kance:
Muna gaisawa a waya, Inna. Mutumin kirki ne. Amma na san gidan da ba zan je neman aure ba.

Malam_Tsangaya:
Bismillah. An ambaci Musulunci a farkon maganar nan, to bari a ba shi haƙƙinsa. Allah Ya ce a Suratul Hujurat aya ta 13 Ya yi mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, mafi daraja a wurinSa shi ne mafi taƙawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsaya a faɗa ba. Ya aurar da Zainab ƴar Jahshi, ƴar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda ƴantacce ne. Ya umarci Faɗimatu ƴar Ƙaisu ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, ya ce masa kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai. A mazhabar Malik da muke bi, dacewar miji da mata a addini da hali ake dubawa, ba a nasaba ba.

Kan launi kuwa, malaminmu Ahmad Baba na Tumbuktu ya ba mutanen Tuwat, da ke cikin Aljeriya ta yau, amsa a rubuce wajen 1615, lokacin da suka tambaye shi hukuncin bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙaƙe. Ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya ƙaryata zancen cewa an la'anci zuriyar Hamu, ya ambaci mutanen Barno da Kano da Katsina cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Ku lura, tun shekara ɗari huɗu da suka wuce sai da malami ya zauna ya rubuta wannan, don akwai masu yi. Kuma da yawa cikin waɗanda aka kamo a hare-haren sarakunanmu masu sallah ne. Gwaggon da Hajiya ta ba da labari, ko maganarta gaskiya ce, zalunci ne aka yi wa wata baiwar Allah, gwaggon kuma ta maimaita shi a kan jikan matar.

Bintu_Jamia:
Allah gafarta Malam, to me ya sa a wasu garuruwan ƙasar nan har yau jikan bawa ba ya limanci ko ya fi kowa karatu?

Malam_Tsangaya:
Ba su da hujja, ƴata. Salimu, ƴantaccen Abu Huzaifa, shi ke yi wa Muhajirai na farko limanci a Ƙuba, har da Umar a bayansa, don ya fi su Alƙur'ani. Laifinmu ne mu malamai da muke jin nauyin masu gari mu yi shiru.

Baushe_Tanut:
Ni ina ganin ku yi hattara. Wannan magana daga waje ake hura ta. Ƙungiyoyi na cin kuɗin turawa da sunan bayi, suna ɓata sunan ƙasa, suna haɗa mutanen da suka zauna lafiya shekara da shekaru. A wajenmu akwai gidajen da kakanninsu na kakanninmu ne, har yau muna zumunci, in sallah ta zo muna ba su, in biki ne su ke kan gaba. Ba wanda ya ɗaure su.

Jikan_Makiyayi:
Baushe, ni ina cikin waɗanda kake cewa. Timidria, ƙungiyar da ke yaƙi da bauta, ba bature ya kafa ta ba, ƴan ƙasar nan ne a 1991, yawancinsu mutanenmu. Dokar 2003 da ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum majalisar Nijar ce ta yi ta. Zumuncin da kake faɗa na san shi. A biki mu ke kan gaba wajen ɗiban ruwa da hura wuta da fiɗa. Ubana ya yi kiwon raƙuman wani gida tun yana yaro har ya makance, da ya rasu suka zo suka ce awakinsa nasu ne, don abin da bawa ya tara na ubangijinsa ne. Ba sarƙa a ƙafarsa, gaskiya ne. An dai raine shi a kan cewa aljannarsa na ƙarƙashin yardarsu. Ka ce lafiya ake zaune, ka tambayi wanda ke ƙasa ko shi ma haka ya gani.

Baushe_Tanut:
Abin da aka yi wa mahaifinka bai dace ba, Allah Ya jiƙansa. A gidanmu ba a yi haka ba. Kar a yi mana kuɗin goro.

Injiniya_Indiya:
Na yi karatu a Indiya, bari in ƙara kan abin da Mushe ya ce. Tsarin mulkinsu na 1950 ya haramta ƙyamar taɓa mutum a sashe na 17, kuma wanda ya jagoranci rubuta shi, Ambedkar, shi kansa daga cikin Dalit ya fito, wato waɗanda ake ƙyamar taɓawa, waɗanda a ƙidayar 2011 sun kai kusan miliyan 200. An ware musu kujeru a jami'a da aikin gwamnati da majalisa. Biyu daga cikinsu sun yi shugaban ƙasa, a 1997 da 2017. Duk da haka buɗe jaridar Lahadi, shafin neman aure gida-gida aka raba shi. Wani abokin karatuna ba ya faɗin sunan danginsu in an tambaye shi, don daga sunan ake gane shi, mai gidan haya ya ce ɗaki ya ƙare. Kuma masu shiga ramin masai su kwashe da hannu har yau kusan duk daga gidajen nan suke. Ware kujerun ya fitar da mutane da yawa daga talauci, wannan na gani. Amma ina tunanin a nan ba zai yiwu ba, don wa zai je meri ya rubuta sunansa a matsayin jikan bawa?

Ɗalibin_Tarihi:
Ka ga wani bambancin kuwa. Namu a ƙwaƙwalwar tsofaffi yake, ba a fata ko takarda ba. Mutum ya koma Yamai ko Kano, zuwa zamanin jikokinsa an manta.

Hajiya_GarinMalam:
Da ne haka, ɗana. Yanzu waya ɗaya ake bugawa ƙauye, kafin la'asar an kawo labarin kaka bakwai.

Jikan_MazanJiya:
Kuna ta tsallake zamanin nasara, alhali a garin nan ya zauna, nan ne babban birni har 1926. Shi ma hawa-hawa ya kafa a rubuce. Bature a sama, sai ƴan garuruwa huɗu na Senegal da aka ba ƴancin ɗan ƙasa, sai mu sauran da kwamanda ke iya ɗaurewa kwana 15 ba alƙali. Sarki da talaka, ɗiya da bawa, duk a ƙasa. Sai 1946 aka soke wannan da aikin dole. Sun yi dokar hana bauta a 1905, amma in an ce a kawo mutanen aikin dole ko soja, sau da yawa ƴaƴan bayi masu gari ke turawa. Kakana haka aka tafi da shi. Ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Bafaranshe, a 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu, abokinsa na can nasa na ƙaruwa, shi nasa na nan inda yake har ya rasu. Wani abu dai ya fito daga ciki: da aka ce a kawo yara lakwal, a wurare da yawa manya sun ɓoye nasu sun ba da ƴaƴan bayi, su ne suka fara zama malaman makaranta da ma'aikata.

Zara_Kwalliya:
Ni mai kayan kwalliya ce a kasuwa. Ku zo ku ga abin da ya fi fita kafin biki: man ƙara haske. Ƴan mata na ƙona fatarsu don samari na cewa fara suke so. Na daina sayar da masu ƙarfin saboda na ga abin da suka yi wa wata, amma maƙwabtana na sayarwa. Wannan ba shi ne fari a sama baƙi a ƙasa ba, a cikin gidanmu?

Ɗan_Birni74:
Wannan jahilci ne da kwaikwayo, Zara, ba tsari ba. Kowace matsala sai a zuba ta cikin maganar Mushe?

Madam_Likita:
Ba wanda ya ambaci Kara-Kara, alhali ita ce mafi kusa da mu. Unguwar da aka fara don kutare, aka tura su bayan gari. Kuturta cuta ce ta ƙwayar cuta, ba a gadonta a jini, maganinta wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da shi tun 1995. Wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta. Jikokin mutanen nan lafiyarsu ƙalau. Amma na sha ganin mace ta zo awo, a tambaye ta unguwa, ta faɗi wata daban. Sai mun saba take gaya mini gaskiya. Ba bauta, ba launi, ba sana'a, amma ƙyamar ta bi jini har jika.

Kabukabu_KaraKara:
Madam na gode da kika faɗa. Ni a nan aka haife ni. Na je neman gadi a wani gida, mun gama magana har kuɗin wata, da mai gidan ya ji unguwarmu sai ya ce zai kira ni. Bai kira ba. In an yi sata a gari mu ake fara zuwa wa. Ana cewa samarinmu ƴan fale ne, masu faɗa da ɗaga ƙarfe. Akwai su, ban ɓoye ba. Amma yaron da ba shi da takardar haihuwa, lakwal ba ta karɓe shi ba, ba mai ɗaukarsa aiki, ina kuke so ya je in ba inda ake girmama shi ba? Abin da Direba ya faɗa na taswira mai jan fenti, da na karanta sai na ga kamar unguwarmu yake ba da labari. Mu ba a zana a takarda ba, amma kowane mai gida a Zinder ya san inda layin yake.

Ɗan_Birni74:
Ɗan'uwa, naka ya taɓa ni, kuma in kana neman aiki ka yi mini magana ta gefe, ina da wanda ke neman mai kai kaya. Amma ina nan kan bakana cewa ba a haɗa mu da ƙasar da ta rataye mutane a bishiya saboda launinsu. Girman zalunci ma abin dubawa ne.

Direba_Girinsboro:
Ba a ce girmansu ɗaya ba, Ɗan Birni. Amma kan maganarka ta zaɓin uba, ka duba wannan: Alabama sai a 2000 ta cire haramcin auren fari da baƙi daga tsarin mulkinta, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ce a bar shi. Su ma kowannensu zaɓinsa ya yi. In iyaye dubu suka yi zaɓi iri ɗaya a kan mutane iri ɗaya, ba sai jandarma ya zo ba.

Bintu_Jamia:
Allah gafarta Malam, ko za a samu huɗuba guda a kan wannan? Daga bakinku tsofaffi za su ji, ba daga namu ba.

Malam_Tsangaya:
Na taɓa yi a masallacinmu, wasu dattawa suka daina gaishe ni na ɗan lokaci. Zan sake in sha Allahu kafin lokacin bukukuwa. Amma ku sani, waliyyi ke ba da aure, ba liman ba. Abin da nake iyawa shi ne in an zo mini da maganar asali in ce a kawo aibin yaron a addininsa ko halinsa, in babu, ba da bakina za a warware ba.

Manomi_Mirya:
Kun yi maganar aure da yawa, ni gona ce damuwata. A ƙauyenmu akwai gidaje da kakanninsu suka sare daji suka yi gona, ƴaƴa suka noma, jikoki na nomawa, amma duk kaka sai sun kai damma gidan da aka ce su ne iyayen gijin kakansu, don kar a manta aro ne. Bana fili ya yi tsada saboda gari na matsowa, masu gonar suka ce za su yanka fuloti su sayar. Mutanen ba su da takarda ko ɗaya, shaidunsu tsofaffi ne, su kuma tsofaffin ba su son ɓata da gidan mai gari. Na ji dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaida. Cikinku akwai wanda ya san aikinsu? Noman shekara da shekaru yana ba mutum haƙƙi a wurinsu, ko dammar da ake kaiwa ita ce za ta zama hujja a kansu? Ranar kasuwa mai zuwa za a zauna gaban mai gari, ina so in je da abin da zan faɗa.